Kafin Ka Sayar da Gona Don Kai 'Yarka Jami'ar Kuɗi

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wani magidanci a Funtuwa, wanda ya nemi a sakaya sunansa. Ga abin da ya rubuto a taƙaice:

"Assalamu alaikum. 'Yata ta fari ta gama sakandare da kiredit a duk darussan kimiyya, kuma ta ci maki 198 a JAMB. Ba ta da buri sai aikin jinya. Shekara biyu ke nan tana nema a jami'o'in gwamnati ba ta samu ba. Yanzu wani wakilin wata sabuwar jami'a mai zaman kanta ya kira mu, ya ce an ba ta gurbi, mu biya naira 150,000 na karɓar gurbin cikin mako guda, in ba haka ba a bai wa wani. Kuɗin makaranta naira miliyan 1.8 ne a shekara, ban da ɗakin kwana da abinci. Ya ce kada mu damu da batun JAMB, su za su gyara daga baya. Makarantar tana bayan gari, na ga hotunanta, gine-gine masu kyau. Ina da gonar gado da aka taya miliyan 7. Mahaifiyarta tana tsoron matsalar tsaro, ni kuma ina tsoron zaman gida ya kashe wa yarinyar gwiwa. In sayar in biya?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri a kan wannan tsayuwa da ka yi wa karatun 'ya mace, ya kuma sanya albarka a rayuwarta.

Kada ka biya ko kwabo a wannan makon, kada kuma ka sa hannu a takardar gona. Ba don jami'ar kuɗi aibu ce ba. Tun daga 1999, lokacin da aka ba Igbinedion da Babcock da Madonna lasisin farko, irin waɗannan makarantu sun yaye likitoci da lauyoyi da ma'aikatan jinya da ke aiki a ko'ina. A nan Arewa akwai Al-Qalam ta Katsina tun 2005, akwai ta Amurka da ke Yola, akwai da dama a Abuja da Kano. Kuma babban abin da ke jan iyaye zuwa gare su gaskiya ne: a 2022 yajin aikin ASUU ya rufe jami'o'in gwamnati daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur, alhali na kuɗi suna ta karatunsu. Amma abin da kake shirin sayowa 'yarka da gonar mahaifinka lasisin aikin jinya ne, wanda zai zo bayan shekara biyar. Hoton gini ba ya gaya maka ko wannan lasisin zai zo. Akwai takardu uku ko huɗu da suke gaya maka, kuma duk cikinsu babu wanda wakilin nan ya nuna maka.

Mu fara da maganar da ta fi tayar mana da hankali a wasiƙarka, wato "kada ku damu da JAMB, za mu gyara daga baya". Tun 2017 duk gurbin karatun digiri na farko a Nijeriya, a makarantar gwamnati ko ta kuɗi, dole ya bi ta manhajar JAMB da ake kira CAPS. Jami'a ce ke tura sunan ɗalibi, JAMB ta amince, ɗalibi ya shiga shafinsa ya danna karɓa, sannan ya fitar da takardar adimishan mai tambarin JAMB. Wanda bai bi ta nan ba, sunansa ba ya shiga kundin ɗaliban da hukumar ta sani, kuma da wannan kundin ake tura masu bautar ƙasa. A da JAMB takan buɗe ƙofar halasta guraben da aka bayar ta bayan gida, amma a 2024 ta sanar cewa ta rufe wannan ƙofa. Saboda haka "daga baya" ɗin da wakilin ke faɗa, ba shi da ikon cika shi. Abin yi mai sauƙi ne. Ka ɗauki yarinyar ku je ofishin JAMB na jiha ko wata cibiyar jarrabawar kwamfuta da hukumar ta amince da ita, ta canza zaɓinta zuwa wannan jami'ar da wannan kwas ɗin. Idan kwas ɗin jinya bai ma fito a jerin kwasa-kwasan makarantar a manhajar ba, to ka samu amsarka tun a nan, ka huta da sauran wahala. Idan ya fito, ku tabbata an ɗora sakamakonta na WAEC ko NECO, ku jira sunanta ya bayyana a CAPS, kuma ku karanta da idonku cewa abin da aka rubuta a gaban sunan kimiyyar jinya ce, ba wani kwas mai kama da ita ba. Makinta na 198 ya haura mafi ƙarancin makin shiga jami'a da aka tsayar a 2025, wato 150. Makarantar da ke sonta da gaske ba ta da wani dalilin kauce wa JAMB.

Wa'adin mako guda kuma dabarar ciniki ce. Kuɗin karɓar gurbi galibi ba a mayar da shi, shi ya sa ake son ka biya kafin ka yi tambaya. Wakilai da yawa ana biyan su ne bisa yawan ɗaliban da suka kawo. Duk kuɗin da za ka biya nan gaba, ya shiga asusun banki mai ɗauke da sunan jami'ar, ta hanyar da ofishin kuɗinta ya rubuta, a ba ka rasit mai lambar ɗaliba. Asusun mutum, ko da an ce ma'aikaci ne, kada ka tura masa.

Yanzu batun sahalewa, kuma a nan ne iyaye suka fi faɗawa rami, domin sukan tambayi abu ɗaya alhali abubuwa uku ne. Na farko lasisin jami'ar kanta daga Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC. Hukumar tana da jerin halastattun jami'o'i a shafinta na intanet, tana kuma fitar da jerin na bogi lokaci zuwa lokaci. Sabuwar jami'ar kuɗi takan fara ne da lasisin wucin gadi na shekara uku, a ƙarƙashin kulawar wata tsohuwar jami'a. Ka tambaya wace shekara aka ba su lasisi, wace jami'a ce ke kula da su, kuma ko an mayar da lasisin na dindindin.

Na biyu, lasisin jami'a bai nufin an amince da kowane kwas da take tallatawa. Kafin a fara kwas, NUC takan turo mutane su duba malamai da kayan aiki su ba da izinin farawa. Bayan kwas ɗin ya yi kamar shekara uku sai a dawo a yi masa cikakkiyar tantancewa, sakamakon kuma iri uku ne: cikakkiyar amincewa mai shekara biyar, ta wucin gadi mai shekara biyu, ko a ƙi amincewa, wanda ke nufin a dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai. Ka nemi ganin wasiƙar NUC mai ɗauke da sunan kwas ɗin jinya da kwanan wata. Makarantar da ke da ita ba ta ɓoye ta, sau da yawa ma a bango za ka gan ta a ofishin shugaban sashe.

Na uku shi ne wanda ya fi shafar 'yarka kai tsaye. Aikin jinya yana da tasa hukumar, NMCN, mai kula da jinya da ungozoma. Ita ke shirya jarrabawar da ke mayar da mutum nas mai rajista, ita ke ba da lasisin aiki. Tana zuwa da kanta ta tantance sashen, ta kuma ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da ɗakunan gwaji da gadajen asibitin da ake koyo a kansu. Ɗaliban da suka shiga cikin wannan adadin ne ake rubuta sunayensu a kundin hukumar, abin da ɗalibai ke ce wa indeksin. Wadda ba a yi mata indeksin ba, ba za ta zauna jarrabawar hukuma ba, ko da ita ce ta ɗaya a aji. Za ta iya fitowa da takardar digiri a hannu, amma babu asibitin kirki da zai ba ta allura ta yi wa mara lafiya.

Ga yadda ɓarnar ke faruwa. Aji ɗaya na jami'a darussan kimiyya ne na bai-ɗaya, bayoloji da kimistiri da fiziks da lissafi, ba ya buƙatar asibiti. Saboda haka makaranta mai neman kuɗi tana iya cika aji da ɗalibai ninki biyu ko uku na adadin da aka ƙayyade mata, kowa ya biya kuɗin jinya. A ƙarshen shekara sai a tace, a ce waɗanda ba su kai wani maki ba su koma bayoloji, ko ilimin sassan jiki, ko kiwon lafiyar al'umma. Uba ya riga ya zuba miliyan biyu, janyewa ta yi wuya, sai a haƙura da kwas ɗin da ba shi aka zo nema ba. Wasu kuma a bar su su ci gaba, a ce za a yi musu indeksin a rukuni na gaba, layi ya yi ta tsawo. Wannan matsala ba ta jinya kaɗai ba ce. A 2023 hukumar da ke kula da karatun lauya ta dakatar da wata jami'ar kuɗi a Abuja daga ɗaukar ɗaliban shari'a saboda wuce adadi, bayan ɗaliban da suka gama sun taru suna jiran gurbin makarantar horar da lauyoyi. Likitanci ma haka yake a ƙarƙashin tasa hukumar, MDCN, mai kula da aikin likitoci.

To ka je wurin shugaban sashen jinya, ba ofishin talla ba, ka yi masa tambaya uku a jere: ɗalibai nawa NMCN ta ƙayyade muku? Nawa kuka ɗauka a aji ɗaya bara? Nawa daga cikinsu ne yanzu suke aji biyu a jinya kuma an yi musu indeksin? Idan adadin 50 ne kuma an ɗauki 150, ka san cewa biyu cikin kowane uku za su fita daga layin, kuma ka nemi a rubuta maka ƙa'idar tacewar. Idan aka fara kewaye-kewaye, ana cewa hukumar tana nan tafe, an kusa kammalawa, wannan cinikin biri a sama ne. Kana iya rubuta wa hukumar ko ka je ofishinta ka tambaya da sunan makarantar. Kada kuma wani ya ce maka a tsallaka da ita Kwatano ko Lome ya fi sauƙi. Tun da ɗan jarida Umar Audu ya bankaɗo yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a Janairun 2024, daga baya ta ce jami'o'i ƙalilan kawai ta sani a ƙasashen biyu.

Sai lissafin kuɗi, kuma muna roƙonka ka ɗauki biro ka yi shi tare da mu. Digirin jinya shekara biyar ne. Miliyan 1.8 sau biyar miliyan 9 ke nan, tun a nan ya wuce kuɗin gonar. Amma kuɗin ba zai tsaya a 1.8 ba. Jami'ar kuɗi ba ta samun tallafin TETFund, asusun gwamnati na taimaka wa manyan makarantunta, daga aljihun iyaye take biyan albashi da dizal da wutar lantarki, kuma ka ga yadda farashi ya yi tun cire tallafin mai a 2023, har hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024. Mu ɗauka a misali za a riƙa ƙara kashi 20 cikin 100 kowace shekara. Shekarar farko miliyan 1.8, ta biyu 2.16, ta uku kusan 2.6, ta huɗu 3.1, ta biyar 3.7. Jimilla kusan miliyan 13.4, kuɗin karatu zalla. Abinci kuma, idan makarantar ta hana girki a ɗaki kamar yadda da yawansu ke yi, ko naira 3,000 take ci a rana, a wata takwas na zaman makaranta ya kai 720,000 a shekara. Haɗa kuɗin karatu da abinci kawai na shekara uku, ka haura miliyan 8.5, ba a sa ɗakin kwana ba. Gonar miliyan 7 za ta ƙare yarinya tana tsakiyar aji uku.

Kuma akwai kuɗaɗen da ba sa fitowa a takardar talla: rajistar shiga, gwajin lafiya, inshorar lafiya, kuɗin ɗakin gwaji, yunifom da takalmi da na'urar awon jini, kuɗin indeksin, kuɗin jarrabawar hukuma ta jinya da ta ungozoma, kuɗin mota da masauki lokacin da aka tura su asibiti ko ƙauye aikin koyo, kuɗin sake darasin da aka faɗi, kuɗin aikin binciken ƙarshe, kuɗin bikin yaye ɗalibai. A makarantu da yawa kuɗin aji uku zuwa biyar ya fi na aji ɗaya, saboda an shiga asibiti. Ka nemi ofishin kuɗi ya ba ka jadawalin bana na kowane aji daga ɗaya zuwa biyar, da jadawalin shekara biyu da suka wuce. Da waɗannan takardun za ka ga ainihin yadda suke ƙari, ba sai ka dogara da misalinmu ba. Ka tambaya ko ƙarin yana hawa kan tsofaffin ɗalibai ko sababbi kawai, ko ana biya kashi-kashi, da abin da ake yi wa wanda bai kammala biya ba ranar jarrabawa.

Wannan tambayar ta ƙarshe ita ce ta fi nauyi. A mafi yawan jami'o'in kuɗi, wanda ake bi bashi ba ya shiga ɗakin jarrabawa, kuma ba a sakin takardar sakamakonsa har sai ya biya. Ba tare da wannan takardar ba babu batun komawa wata makaranta, ga shi kuma jami'o'in gwamnati ba su cika karɓar ɗalibar jinya a tsakiya ba, don su ma adadinsu a cike yake. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 na ɗaliban makarantun gwamnati ne, ba ya kaiwa ga na kuɗi. Yarinyar da ta tsaya a aji uku ta rasa shekara uku, uba ya rasa gona, ƙannenta sun rasa abin da ake ci da su. Wannan ya fi zaman gida na shekara guda ciwo nesa ba kusa ba. Ma'aunin da muke ba iyaye shi ne: kuɗin kowace shekara ya fito daga abin da ke shigowa, albashi ko ribar kasuwa ko amfanin gona, kadara kuma ta zauna a matsayin madogara idan shekara ta yi tsanani. Idan sai an sayar da kadara za a biya shekarar farko, makarantar ta fi ƙarfin gidan. Ka kuma tuna gonar gado ce. In akwai hakkin wasu magada a ciki, wannan ma magana ce da za a gama kafin a kira dillali.

Tsoron mahaifiyarta yana kan hanya, kada ka ɗauke shi raunin zuciyar mata. Sababbin jami'o'i sukan gina mazauninsu a bayan gari saboda suna buƙatar fili mai faɗi kuma can ya fi araha. A daren 20 ga Afrilun 2021 'yan bindiga suka shiga jami'ar Greenfield da ke kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, suka kwashi ɗalibai, aka kashe biyar daga cikinsu, sauran suka shafe fiye da wata guda a daji. A Satumbar 2023 kuma aka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, yawancinsu mata, daga gidajen haya da ke Sabon Gida a wajen makaranta. Na farko ya nuna haɗarin makarantar da ke keɓe a bakin daji, na biyu ya nuna cewa inda ɗaliba ke kwana ya fi inda take ɗaukar darasi muhimmanci.

Gani ya kori ji. Ku je ku uku, kai da ita da mahaifiyarta, ranar karatu, ba ranar da aka ware wa baƙi ba, kuma ku kai har bayan magariba. Ka zagaya katangar da ƙafa ko a mota. Sau da yawa gaban makaranta ne ke da katanga da fenti, bayanta waya ce ko buɗaɗɗen fili. Ka duba abin da ke bayan ɗakin kwanan mata: gidaje ne ko daji? Ka auna minti nawa ne daga ƙofa zuwa ofishin 'yan sanda ko shingen sojoji mafi kusa, ka lura ko masu gadi na da wata hanyar kira idan layin waya ya ɗauke. Ka ciro wayarka a cikin ɗakin kwanan ka ga ko akwai sabis. Ka tsaya ka ga ko fitilun harabar suna kamawa idan an ɗauke wuta, da ƙarfe nawa ake kashe janareta. Sannan ka fita ka zauna wurin mai shayi ko 'yan acaɓa da ke bakin ƙofa, ka tambaye su ƙarfe nawa motoci ke daina bin hanyar, da ko an taɓa tare ta. Su ba su da abin da za su sayar maka.

A cikin ɗakin kwanan, mahaifiyarta ta ƙirga gadaje a ɗaki da yawan bayan gida, ta buɗe famfo ta gani. Ku dubi ƙofofin fita. Ginin da tagoginsa duk ƙarfe ne, ƙofarsa ɗaya, kuma ake kulle ta da kwaɗo daga waje da dare, tarko ne ranar gobara. Ku tambaya wa ke riƙe makulli, ina yake kwana, ina tukunyar kashe wuta. Ku leƙa asibitin makarantar: akwai likita ko nas da dare, akwai motar ɗaukar mara lafiya mai tashi? Ku tambaya ko akwai mace babba mai kula da ɗakin 'yan mata da ke kwana a wurin, yadda ake ba da izinin fita, da ko ana kiran iyaye kafin a bar yarinya ta fita. Akwai kuma tambayar da kunya ke hana iyaye yi: idan malami ya matsa wa ɗaliba, wa take kai wa ƙara, kuma an taɓa hukunta wani? Wannan 'yan matan da ke can ne za su faɗa wa mahaifiyarta idan ta keɓe da su, ba shugabanni ba. Kada ku manta da lokacin aikin asibiti, domin a nan ne ake fitar da ɗalibai daga harabar. A ina suke kwana a lokacin, wa ke kai su, wa ke dawo da su bayan aikin dare?

Ingancin karatun kuwa ana gane shi da abubuwa kaɗan. Ka karanta sunayen malaman sashen, ka tambaya nawa ne na dindindin. Sababbin makarantu da yawa suna dogara da malaman jami'o'in gwamnati masu zuwa ƙarshen mako su dunƙule darasin wata guda a kwana biyu. Ana iya jure wannan a wasu darussa, amma ba a koyon saka ruwa a jijiya ko karɓar haihuwa haka. Ka nemi a buɗe maka ɗakin koyon aiki ka ga gadaje da mutum-mutumin gwaji, ka lura ko akwai alamar ana taɓa su ko har yanzu suna cikin leda. Ka tambayi sunan asibitin da suke koyo, da rubutacciyar yarjejeniyar da ke tsakaninsu. In ka samu dama ka je asibitin ka tambayi babbar nas yadda ɗaliban wannan makaranta suke a ɗakin marasa lafiya.

Game da makomar waɗanda suka gama, tunda ka ce sabuwa ce, tambaya ta farko ita ce ko ta taɓa yaye ɗaliban jinya. Idan ba ta taɓa ba, babu wanda ya bi hanyar har ƙarshe, 'yarka na cikin waɗanda za a gwada da su. Idan ta taɓa, ka nemi sakamakon jarrabawar hukuma na shekara biyu: nawa suka zauna, nawa suka ci a zama na farko. Ka lura da adadin waɗanda suka zauna, domin makaranta na iya hana raunana zama don sakamakonta ya yi kyau. Ka samo tsofaffin ɗalibai biyu ko uku da kanka, ta hanyar 'yan uwa ko ma'aikatan asibiti, ba waɗanda makarantar ta zaɓo maka ba. Ka tambaye su wata nawa suka jira kafin takardar shaidarsu ta fito, ko sun samu wurin aikin sanin makama na shekara guda da ake yi bayan digiri, ko an tura su bautar ƙasa a kan lokaci, da inda suke aiki yanzu. A aikin jinya asibiti lasisi yake fara dubawa, sai iya aiki. Sunan jami'a mai tsada ba ya ƙara wa sabuwar nas matakin albashi a aikin gwamnati.

Wannan ya kawo mu ga hanyar da ba ka ambata ba a wasiƙarka, kuma a ganinmu ita ta fi dacewa da halin gidanka. Lasisin da take nema ana samunsa a kwalejojin jinya na gwamnati, irin na asibitin koyarwa na ABU a Zariya, da na Aminu Kano, da na jiharku a Katsina da Malumfashi. Yawancin irin waɗannan makarantu sun koma tsarin difloma da babbar difloma, ana shiga ta JAMB, kuma makin da aka tsayar musu a 2025 shi ne 140. Ana rububinsu sosai, suna da tasu tantancewar, amma kuɗinsu bai kama ƙafar miliyan 13 ba, kuma ɗalibansu a cikin asibiti suke tashi. Jarrabawar hukuma ɗaya ce da ta 'yan jami'a. Idan ta zama nas mai rajista ta fara aiki, tana iya ɗora digiri a kai, har ta hanyar karatu daga nesa irin wanda ABU ke yi wa ma'aikatan jinya, da albashinta ko da ɗan taimakonka, gona kuma tana nan ana nomawa. Ku duba ko har yanzu ana karɓar canjin makaranta zuwa ɗaya daga cikinsu a bana.

Idan bana ta wuce, fom ɗin JAMB yakan fito a farkon shekara. Tazarar da ke tsakanin 198 da makin da ake gogayya da shi a jinya a jami'o'in gwamnati aikin watanni ne na karatu mai tsari a fiziks da kimistiri da bayoloji da Turanci. Ka zaunar da ita ka nuna mata lissafin nan da hannunka, shekara bayan shekara, kada ta ji labarin fasawa a bakin wani ta ɗauka an yi watsi da burinta. Idan kuma kun je kun ga sunanta a CAPS, kun ga wasiƙar NUC da ta NMCN, adadin ɗalibai ya yi daidai, mahaifiyarta ta gamsu da makwancinta, to sai ka tara 'yan uwan da za su iya sa hannu, kowa ya faɗi abin da zai riƙa bayarwa duk shekara har biyar, a rubuta, kafin ka biya na farko.

Allah ya zaɓa mata mafi alheri, ya ba ka ikon sauke nauyin.